Na fara tara duwatsu, ina son sayen injin goge su: wanne zai shiga inji, wanne ba zai shiga ba?

Baban Khalifa, Sakkwato:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne, ban yi karatun ilimin duwatsu ba, don haka a yi haƙuri da yadda zan kawo tambayar. Ƙanena direban tifa ne, yana ɗaukar dutsen siminti a wajen Kalambaina. Kwanakin baya ya kawo wa yarana wani dutse su yi wasa da shi, da na karɓa na juya shi sai na ga katantanwa ce sak, da murɗinta da bakinta, amma ta zama dutse, har da nauyi. Tun daga ranar abin ya shiga raina. Yanzu duk inda na bi idona na ƙasa, kuma bokitin fenti ya kusa cika.

Ga abin da ke ciki. Akwai katantanwar da 'yan uwanta, wasu ɓawo biyu ne a manne da juna. Akwai wani mai zagaye, ɗan tudu, da zanen ganye biyar a bayansa, shi na fi so. Akwai wasu masu ɗaukar ido da aka kawo mini daga Dange, ana hango haske ta cikinsu, suna ɓarewa falle-falle, har farce yana kankare su. Sai tsakuwar da nake tsinta a bakin gulbin Rima idan ruwa ya janye, farare da jajaye da masu launin zuma. Sai wani guntu guda da abokin ƙanena ya ba ni, wanda duk wanda ya gani zai rantse itace ne, da jijiyoyinsa da komai, amma wuƙa ba ta kama shi.

Na ga bidiyo a YouTube inda ake zuba duwatsu a wata 'yar ganga, inji ya yi ta juya ta, su fito suna sheƙi. Na sami mai kawo irin injin daga Amurka. Tambayata ita ce, zan iya zuba su duka tare? Ina son katantanwar nan ta yi sheƙi in sa ta a falo. Sannan yaya ake yi da matsalar wuta, tunda na ji ana cewa injin ba a kashe shi? Garin da ake zubawa a ciki kuma a ina ake samunsa? Abu na ƙarshe, wani dattijo maƙwabcina ya ce ragowar ruwan Ɗufana ne waɗannan katantanwar. Mai sani ya taimaka.

Ɗan Bukuru:

Wa alaikumus salam Baban Khalifa, sannu da shigowa. Kafin ka kashe ko sisi, shimfiɗa buhu a tsakar gida ka juye bokitin nan, ka kasa shi kashi biyu. Katantanwar da ɓawon da mai zanen ganye biyar, ka kai su gefe, ba su ba inji har abada. Idan ka zuba su tare da tsakuwar gulbi, kafin mako ya zagayo za ka buɗe gangar ka tarar da farin taɓo kawai. Masu ɗaukar idon na Dange jifsam ne, shi ma haka, ko ruwa ma kada ka jiƙa shi a ciki.

Dalilin shi ne tauri. Akwai ma'aunin da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Jifsam 2 ne, shi ya sa farcenka, wanda yake wajen 2.5, yake kankare shi. Dutsen siminti 3 ne. Wuƙa da gilashin kwalba wajen 5.5. Farin dutsen ƙanƙara, wanda masana ke kira kwaz, 7 ne, kuma danginsa su ne aƙiƙ da jan dutsen da ake yin tsakiya da shi. Cikin duwatsun ado, tofaz 8, safaya 9, daimon 10. Abin da inji ke so shi ne 'yan gidan 7, kuma a zuba su da 'yan uwansu. Gwajin ba ya buƙatar komai sai ƙusa da fasasshiyar kwalba: dutsen da ya ja layi a jikin kwalba, ƙusa kuma ta kasa jan layi a jikinsa, ya ci jarrabawa. Ka lura, wani lokaci ƙusar ce ke barin baƙin zane a kan dutsen, ka shafa da yatsa mai yawu, idan ya goge to ba kankara ba ce.

Gwaji na biyu, ka jiƙa dutsen. Yadda ka gan shi a jiƙe, haka zai fito bayan an gama gogewa. Wanda ya shanye ruwan nan take, yana da gautsi a hannu, yana zubar da yashi idan ka murza, ka bar shi, ba zai taɓa sheƙi ba. Marmara ma ba ta yi. Tsakuwarka ta gulbi kuwa ka yi sa'a, ruwa ya riga ya yi maka rabin aiki. Guntun da ka ce itace ne, idan ya ja layi a kwalba, to itacen ne da gaske ya zama dutse, kuma yana ɗaukar guga sosai. Amma tunda guda ɗaya gare ka, ni dai ba zan fasa shi ba.

Aikin kansa mataki huɗu ne. Garin da ake zubawa silikon kabaid ne, baƙin gari mai ƙyalli wanda ya fi ƙanƙara tauri, kuma lamba ake ba shi, iya girman lamba iya laushin gari. Mataki na farko lamba 60/90, shi ke cin kaifi da ramuka. Na biyu 120/220, na uku 500, na huɗu kuma farin garin aluminiyam oksaid ne, shi ke kawo sheƙin. Ka cika gangar da duwatsu zuwa kashi biyu cikin uku, manya da ƙanana a gauraye, don ƙananan su ne ke kai gari cikin lungunan manyan. Gari babban cokali huɗu a kowane kilo na dutse. Ruwa ya tsaya daf da saman duwatsun, kada ya shanye su. Ka rufe, ka kunna, ka manta da shi kwana bakwai.

Takardar da ke zuwa da injin za ta ce maka mako huɗu an gama. Kada ka yarda da ita. Matakin farko shi ne aikin, kuma yana iya cin wata guda ko biyu. Duk mako ka buɗe, ka wanke, ka duba su ɗaya bayan ɗaya a rana. Wanda ya yi sumul, babu rami babu tsaga, ka ajiye shi a kwano da ruwa. Wanda bai yi ba ya koma da sabon gari, ka cike gurbin da wasu. Rami ɗaya da ka bari zai ɓoye ƙwayar gari mai kaushi, ta fito a matakin ƙarshe ta yi wa duk gangar zane. Saboda haka tsakanin mataki da mataki wanki ne na gaske, duwatsu da ganga da murfi, da burushin goge baki da sabulu. Kada ka bar su su bushe da taɓon a jikinsu. Kuma ka shirya ganin sun ragu, dutse na iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jikinsa kafin a gama.

Taɓon da ke fitowa kada ya shiga bututun banɗaki ko na wanke-wanke, daskarewa yake yi ya toshe shi. Ka tace a kwandon roba a kan bokiti, ka zubar a rami bayan gida.

Mu nan Jos mun taso muna tsintar tofaz da ƙanƙara mai hayaƙi a tulin ƙasar tsofaffin ramukan kuza, shi ya sa zan ƙara maka wannan. Idan ka sami dutse mai kusurwoyi da Allah ya yanka shi da kansa, garai-garai, kada ka jefa shi a inji, darajarsa a siffarsa take. Tofaz ma yana da saurin tsagewa ta gefe ɗaya duk da taurinsa.

Malama Maman Ilham:

Malam Baban Khalifa, na ji daɗin tambayarka ƙwarai, domin abin da ke hannunka shi muke fama mu nuna wa ɗalibai a hoton littafi alhali yana zube a bayan gari. Na karanta ilimin duwatsu, yanzu ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Abin da Ɗan Bukuru ya faɗa haka yake, zan ɗora ne a kan kashin da ya ce ka kai gefe.

Ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Wani siririn teku marar zurfi ya riƙa ratsa inda Sahara take a yau, yana shigowa yana janyewa, tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce. Dutsen simintin Kalambaina ɓawon halittun wannan ruwan ne da ya taru ya daskare, shekarunsa wajen miliyan 60. Katantanwarka ta teku ce. Galibi ma ɓawon ainihi ya narke tuntuni, abin da ka riƙe taɓon da ya cika cikinta ne ya zama dutse ya ɗauki siffarta, shi ya sa take da nauyi. Mai zanen ganye biyar kuwa bushiyar teku ce, dabba mai ƙaya a jiki, ƙayoyin sun zube, ganyen biyar kuma layukan 'yan ramuka ne da take fito da ƙafafunta ta ciki. Ka duba da kyau a hasken rana za ka ga ramukan a jere biyu-biyu. Juyawa a inji zai share su, kuma da su ake gane wace iri ce.

Ƙarƙashin dutsen Kalambaina akwai shimfiɗar laka mai launin toka da ake kira da sunan Dange, ita ke ba da jifsam ɗinka. A cikinta ake samun haƙoran kifin shak da ƙasusuwan kifi da na kada da na kififfiya, har da kashin dabbobin da ya zama dutse. Idan aka ƙara yin ƙasa akwai shimfiɗar Wurno, sannan ta Dukamaje, wadda ta kai shekaru miliyan 66 zuwa 70. Daga ita aka fito da ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda wani Bature mai suna Swinton ya fara bayani a kansa a 1930, daga baya masu bincike 'yan Italiya suka raɗa masa Goronyosaurus a 1972, saboda garin Goronyo. Akwai kuma kadan da aka sa wa Sokotosuchus a 1975. Guntun itacenka ma ba baƙo ba ne, shimfiɗar Gundumi da ta girme su duka an san ta da itatuwan da suka zama dutse. A Gombe kuma, ma'adinar dutsen siminti ta Ashaka ta yi suna a wajen masana saboda amonait, wata halittar teku a nannaɗe kamar ƙahon rago, mai shekaru sama da miliyan 90.

Game da maganar dattijon, hukuncin nassi na malamai ne, ba zan shiga ba. Abin da zan iya gaya maka shi ne abin da ido ke gani a jikin tudu: shimfiɗa ce kan shimfiɗa, ta teku, sai ta bakin gaɓa, sai ta teku kuma, kowacce da halittunta daban, kuma kowacce ta ɗauki lokaci mai tsawo tana taruwa. Ruwan ya zo ya koma fiye da sau ɗaya. Tunanin nan ba na Turawa kaɗai ba ne, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi rubutu a kan yadda dabbobi da tsirrai ke rikiɗa su zama dutse, da yadda tudu kan kasance tsohon gindin teku.

Yanzu yadda za ka kula da su. Busasshen burushin goge baki da basilla sun ishe ka, a hankali, kana kankare ƙasar kana hurewa. Na dutsen siminti suna jure ɗan ruwa, na cikin laka kuwa ruwa na wargaza su. Idan kana son tabbatar da dutsen siminti ne, ɗiga ruwan khal na girki a bayansa, za ka ga yana ƙananan kumfa, sai ka wanke wurin. Kada ka jiƙa shi a ciki, kada ka shafa masa mai ko banish.

Abin da na fi roƙonka shi ne rubutu. Dutse irin wannan idan ba a san inda ya fito ba, rabin amfaninsa ya tafi. Ka sami littafi guda. Kowane dutse ka ɗiga masa farin fenti a inda ba ya ɓata shi, ka rubuta lamba da biro, a littafin kuma ka rubuta lambar, da wurin, da ranar, da wanda ya tsinto, da launin ƙasar da aka ciro shi. Ka zaunar da ƙanenka tun bai manta ba ya gaya maka ramin da kowanne ya fito. Ƙananan ka sa su a kwalin ashana da auduga. Idan za ka ɗauki hoto, ka shimfiɗa tef ɗin awonka a gefe don a san girma.

Injiniya Na Panteka:

Maigida, a kan injin Amurka ka yi hattara. Ƙarfin wutarsu bolt 110 zuwa 120 ne, namu 230. Idan ba wanda aka yi wa adafta mai karɓar duka biyun ba ne, kana sa shi a soket zai ƙone. Ka ce mai kawowa ya ɗauko maka hoton rubutun da ke jikin injin tukuna. Sannan ka tambaya ko gangar ta baƙar roba ce mai kauri. Ta busasshen filastik ƙararta ba ta barin mutanen gida su yi barci, kuma saurin fashewa gare ta.

Ni a ganina ma ba sai ka saya ba, abu ne da ake haɗawa da kayan gwangwan. Injin waifar mota, mai cin wuta bolt 12, an yi shi da giya a ciki, yana juyawa a hankali kuma yana da ƙarfi. Sanda biyu na ƙarfe a jere, kowacce a kan boris biyu, a zura musu tiyo don ganga ta kama. Ɗaya ce injin ke ja da bel, ɗayar rakiya take yi. Gangar kuma guntun fayif ɗin roba mai inci huɗu ko shida, a rufe gefe ɗaya dindindin, ɗaya gefen a sa murfi mai buɗewa, a liƙa robar tif ɗin mota a ciki don rage ƙara da fashewar duwatsu. Mai walda zai yi maka firam a wuni ɗaya. Gudun da ake nema ga ƙaramar ganga wajen juyi 40 zuwa 60 ne a minti. Idan ya yi sauri duwatsun za su riƙa faɗowa suna fasa juna, abin da ake so su riƙa gangarowa kan juna. Kunnenka zai gaya maka, ƙarar ta zama shuu mai ɗorewa, ba ƙwal-ƙwal ba.

Amfanin wuta 12 shi ne ka rabu da jiran NEPA. Batir da faifan sola guda da kwantirola, ba ruwanka da inbata. Sai dai injin waifa ba a yi shi don aikin dare da rana ba, yana zafi, gawayinsa na cinyewa. Ka ajiye shi inda iska ke shiga, ka sayi biyu tun farko. Idan kuma wuta ta yanke injin ya tsaya, ba asara ba ce, lokaci ne kawai zai ƙaru. Amma garin kan kwanta a ƙasa ya kama duwatsun, don haka kafin ka sake kunnawa ka ɗauki gangar ka girgiza ta sosai sai ka ji sun saki.

Gari kuwa, me zai hana ka gwada man da muke goge bawul ɗin mota da shi? Shi ma silikon kabaid ne. Ko ka tankaɗe yashin gulbi, kyauta ne.

Ɗan Bukuru:

Injiniya, haɗin injin nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma ban bi ka ba a kan garin. Yashin gulbi ƙanƙara ne, 7, tsakuwar ma 7. Zai ci ta, amma a cikin watanni masu yawa, batir ɗinsa ne zai gaji a banza. Man bawul kuma yawancinsa a cikin giris aka kwaɓa shi, giris na sa duwatsu su yi ta sulɓi ba guga, yana kuma lalata robar ganga, ga shi ɗan gwangwani ne. Gara ya nemi garin a wajen masu yankan duwatsun ado, ko masu aikin tarazo da mabul, ko ya yi odarsa tare da wasu. Na matakin farko shi ke ƙarewa da sauri, a saye shi da kilo. Sauran ukun kaɗan ya isa.

Tunda an zo nan, Baban Khalifa, idan za ka fasa babban dutse da guduma ka rufe shi da tsumma, ka sa tabarau. Kada ka goge dutse a busasshe da injin garanda, ƙurar ƙanƙara tana zama a huhu ba ta fita. Idan wani ya kawo maka dutse mai nauyi, launin toka mai ƙyallin ƙarfe, yana fashewa murabba'i-murabba'i, wannan dutsen kwalli ne, dalma ce a cikinsa. Kada ya shiga inji, kada yara su taɓa shi. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje.

Ag Ingal, Agadas:

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Na karanta duka, ina so in sa baki a kan abin da ba a taɓo ba. Mu a nan mun san abin da ake nufi da ƙashin da ya zama dutse. A Gadufawa, cikin Tenere kudu maso gabas da Agadas, ƙasusuwan dainoso, dabbobin zamanin da da suka ƙare tuntuni, a fili suke kwance kan rairayi, shekarunsu wajen miliyan 110. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a wurin tun 1965, shi ya raɗa wa Ouranosaurus suna a 1976. Daga baya Paul Sereno na Amurka ya zo da mutanensa, aka fito da Nigersaurus mai haƙora sama da 500, da Jobaria daga yankinmu na Ingal, su biyun a 1999 aka ba su suna. Akwai kuma Sarcosuchus, kadan da tsawonsa ya haura mita 9. Wanda ya je Yamai ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama zai ga ƙwarangwal a tsaye da idonsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne na ga yadda ake tsince wuri. Mutum ya tarar da ƙwarangwal a jere, ya ɓalle haƙora da farata ya zuba a buhu don su ne ke da kasuwa, ya bar sauran a warwatse, iska ta ƙarasa. Kuɗin da zai samu ba zai kai shi wata ba, abin da ya ɓata kuma ba ya dawowa. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, fita da irin waɗannan ba da izini ba laifi ne, kuma 'yan duwan, wato kwastan, suna kamawa. Don haka ɗan'uwa, idan wani ya zo maka da haƙori ya ce daga Agadas, kada ka saya. Sayenka shi ke mayar da shi jeji.

Katantanwar da ke cikin dutsen da ake shirin niƙawa a yi siminti, wannan daban ne, wanda ya tsince ta ya cece ta ne. Amma ranar da ka ga ƙashi a jere cikin ƙasa, ko ƙoƙon kai, hannunka ya tsaya. Ka ɗauki hoto, ka riƙe wurin a wayarka, ka sanar da masana.

Kuma duk inda za ka, fara da gaida mai gari ka gaya masa abin da ya kawo ka. Baƙon da ke sunkuye yana tsintar dutse a gonar mutane, zinariya za a ce yana nema, kuma a zamanin nan wannan zargin ba ƙarami ba ne.

Baban Khalifa, Sakkwato:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na juye bokitin na yi gwajin kwalba. Yawancin tsakuwar gulbi sun ja layi, guntun itacen ma ya ja, jajaye kaɗan ne suka murmushe na fitar da su. Na duba bushiyar tekun a rana, ramukan suna nan biyu-biyu yadda Malama ta ce, har na kira yara suka gani. Na sayi littafi, ƙanena ya tuna inda mafi yawansu suka fito.

Malama, a ƙasan bokitin na sami wani abu da ban ambata ba, tare da jifsam ɗin Dange aka kawo shi. Baƙi ne mai sheƙi, tsawonsa bai kai inci ɗaya ba, siriri mai tsini, ya ɗan lanƙwasa, gindinsa ya rabu biyu. Haƙori ne? Sannan ina so in je wajen Wurno da Goronyo da kaina in gani. Injiniya, na fasa odar, zan nemi mai walda.

Malama Maman Ilham:

Yadda ka siffanta shi, haƙorin kifin shak ne, gindin da ya rabu biyu shi ne saiwarsa. Na kada gindinsa zagaye yake, ba ya rabuwa. Kada ka wanke shi da khal, ka naɗe shi a auduga shi kaɗai, saiwar ce ke saurin karyewa. Ka kai shi sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tare da littafinka a duba maka, za su kuma gaya maka wuraren da suke kai ɗalibai yanzu.

Maganar Wurno da Goronyo kuwa, don Allah ka dakata. Ka fi ni sanin halin tsaro a gabashin Sakkwato, kuma wuraren da duwatsun ke bayyana kwazazzabai ne a bayan gari. Kada ka je kai kaɗai, kada ka je sai mutanen wurin sun ce hanya lafiya. Ramin da ake aiki a cikinsa ma sai da izinin masu shi, kuma ba a tsayawa a gindin bangon da aka yanka, musamman bayan ruwan sama.

Injiniya Na Panteka:

Maigida, ka sayi fayif ɗin da murfinsa tukuna kafin ka je wurin mai walda, don da faɗinsa za a auna tazarar sandunan biyu. Boris huɗun su zama lamba ɗaya. Idan an haɗa, ka cika gangar da ruwa da tsakuwar banza ka bar ta ta kwana tana juyawa a kan jarida, da safe ka duba ko ta yi yoyo kafin ka zuba garin da ka saya da kuɗi.